Wayar Babanki Ba Ta Kawo Murya

Gwangwan, ranar Asabar da hantsi.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga 'yata, Maisunan Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar jinyar nan da za ki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema.

Na san za ki yi dariya, ki ce Baban da muke gida ɗaya shi ne yau har da wasiƙa. Yi dariyarki. Shekara ashirin da wani abu ina yi wa dagaci magatakarda, bakina ya saba barin hannuna ya yi masa magana. Abin da ke cikin takardar nan kuma, idan na ce zan faɗe shi ina kallon idonki, ba zan kai ƙarshe ba. Gobe a tasha zan miƙa miki ita, ki karanta a mota kafin ku shiga Kano.

Jiya da yamma, muna zaune a tsakar gida kina ninke kaya, Ummanki ta ce, "Malam, ka ba ta wayarka mana ta tafi da ita. Ba bidiyo, ba hotuna, ba samarin birni da za su dame ta. Kai sai ka nemi wata." Na dube ki. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Duk wadda Baba ya ba ni ta yi." Bakinki ne ya ce ta yi, amma na ga yadda kike murza bakin hijabinki. Wannan shirun na san shi, domin a wurina kika gaje shi, kuma na san abin da ya jawo min. Shi ya sa na ce bari in zauna in gaya miki halin wayar nan, alherinta da aibinta, da abin da na aikata da ita, sannan in gaya miki shawarar da na yanke.

Kina 'yar shekara bakwai na saye ta, ranar kasuwar Karaye, a wurin wani mutum mai kawo wayoyi na hannu daga Kano. Lokacin irinta wayar manya ce. Baƙa, mai faɗi kamar sabulun wanka, rabi gilashi rabi madannai, kowane harafi da ɗan gurbinsa. Tana shiga intanet, tana ɗaukar hoto, tana buɗe manhajar nan ta hira da kowa ke yi. Kuskurena na farko a satin farko na yi shi. Sai in zauna a zauren dagaci in fito da ita ba wanda ya kira ni, in goge ta da bakin riga, in juya ta, in mayar, don dai a gani. Wata rana dagaci ya dube ni ya ce, "Malam Inuwa, in amaryar ta gama kwalliya, a karanto mana takardar." Zaure ya ɗauki dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Tun ranar, kafin in cire takalmi a ƙofar zaure sai na kashe mata ƙara, kuma ba ta fitowa daga aljihu sai an tashi. Ki riƙe wannan, domin zan dawo kansa. Ke dai duk abin da kika mallaka a can, waya ce ko takalmi, kada ki bari ya zama shi ne zai gabatar da ke ga mutane.

Ummanki ba ta yi ƙarya ba, wayar nan tana da alheri, kuma ba zan ci amanarta in ɓoye ba. Batirinta kwana uku yake yi. Kin san yadda wuta take a garin nan, sai a yi sati ba a ga ƙyallinta ba. Masu wayar shafawa kullum suna layi a rumfar mai caji kamar masu jiran awo, ni kuwa sau biyu a sati nake leƙawa. Da damina, hannu jiƙe ko da taɓo, ina danna ta tana amsawa, alhali ta shafawa ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ruɗa ta. Ta faɗo daga kan babur a hanyar Rogo, murfi gabas batiri yamma, na tsince su na haɗa, ta kunnu kamar ba abin da ya faru. Ɓarayi ma ba sa sha'awarta. Bara a kasuwar Rogo wani ya zare min ita daga aljihu a cikin turmutsutsu. Ban yi taku goma ba sai ga mai albasa yana ƙwala min kira, wai wani saurayi ya dube ta, ya yi tsaki, ya ajiye masa a kan buhu ya wuce. Har yau ban san ko godiya zan yi wa ɓarawon nan ba ko fushi.

Babban alherinta kuwa shi ne ba ta cin lokacin mutum. Ka rubuta abin da za ka rubuta, ka kira wanda za ka kira, ka mayar aljihu. Gilashinta ƙarami ne, ba abin da zai riƙe ido. Na ga magidanta a majalisa, mutum biyar a benci ɗaya, kowa ya duƙa kan tafin hannunsa, a yi sallama babu mai amsawa. Ban taɓa zama cikinsu ba, kuma ba halina ne ya hana ni ba, wayar ce ba ta da abin nuna min.

Sai rubutu. Nan ne na fi ƙaunarta, nan ne kuma ta fara kai ni ƙasa. Yatsuna sun haddace madannan nan yadda ba sai na duba ba. Ina iya tura hannu cikin aljihun 'yar ciki, a ƙarƙashin babbar riga, in rubuta saƙo cikakke in aika, ina kallon mai magana ina gyaɗa kai. Na daɗe ina alfahari da wannan.

Kin san Gwaggonki, Yaya Hajara, wadda kika ci sunanta. Abin da ba ki sani sosai ba shi ne ita ta raine ni. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara huɗu, Yaya tana sabuwar amarya a Unguwar Hajji ta can Karaye, ta ɗauke ni ta tafi da ni gidan mijinta. Ita ta yi min wanka, ita ta kai ni makarantar allo, ita ta dage aka sa ni a boko, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Akwai gona guda da mahaifinmu ya bar mana mu biyu, ba mu raba ba. Shekara uku da suka wuce, gab da damina, ta ba wani ɗan'uwan mijinta aronta ya noma, ba ta shawarce ni ba. Ina zaune a zaure ana shari'ar wata akuya da ta yi ɓarna wani ya raɗa min. Raina ya ɓaci. Ban tashi ba, ban ko sauya fuska ba, hannuna yana cikin riga na rubuta mata: "Yaya, tunda gonar taki ce ke kaɗai, ba sai kin sake neman shawarata a kan komai ba." Kafin mai akuya ya gama rantsuwa saƙon ya isa Karaye.

Na manta abu ɗaya, ko in ce fushi ya mantar da ni. Yaya ba ta karatun boko. Duk saƙon da ya shigo, ɗanta Sagiru take miƙa wa. Ranar tana tsakar gida da matan maƙwabta suna ɓarar gyaɗar iri, ta ce da fara'arta, "Sagiru, karanto mana, ƙanena ne." Shi kuma ya karanto da ƙarfi kafin ya gane abin da yake karantawa.

Bayan kwana biyu na hau babur na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ya wuce, Inuwa. Tashi ka ci abinci." Na ci. Amma ba ta zauna kusa da ni tana ƙara min miya yadda ta saba ba. Da a zamanin takarda ne, sai na nemi biro, na nemi ambulan, na jira direban da zai Karaye, kafin nan zuciya ta huce na yage. Wayar nan ba ta ba ni wannan tazarar ba. Don haka, 'yata, idan ranki ya ɓaci da wani, ki ajiye waya ki yi alwala tukuna. Kuma kafin ki aika rubutu ki tambayi kanki wa zai karanta shi, a gaban wa, da wace irin murya.

Daga nan tsufa ya fara kama wayar. Madannin "a" ne ya fara mutuwa, don shi ya fi shan wahala. Na kai wa Ɗanlami mai gyaran waya a Rogo Sabon Gari, ya tona wani kwali na matattun wayoyi ya ciro min wani ya dasa. Ya ce, "Malam, wannan shi ne na ƙarshe. In wani ya sake mutuwa sai dai ka riƙa tsallake harafin." Hotonta kuma dishi-dishi, in na ɗauki takarda ba mai iya karantawa. Takardun da ake turo wa magatakarda ta waya ba ta buɗe su, sai in hau babur in je Rogo in kwafa da hannu daga wayar wani. Duk wannan mai sauƙi ne, ƙafa ce da man babur.

Wata safiya na taɓa manhajar hira ta ƙi buɗewa. Na kashe na kunna, na cire batiri na hura na mayar, shiru. Na koma wurin Ɗanlami. Ya duba ya miƙo min abata ya ce, "Malam, wannan ba lalacewa ta yi ba. Masu manhajar ne suka daina yi da irinta. Kira da saƙon rubutu za ta ci gaba da yi maka, amma gurup da saƙon murya, sai dai ka yi haƙuri."

To, nan ne babban kuskuren, kuma ba na wayar ba ne, nawa ne. Ban gaya wa kowa ba. Ni da na yi shekaru ina yi wa masu wayar shafawa tsiya, ina cewa tawa ta fi tasu, yaya zan buɗe baki in ce ta gaza? Lambata tana nan a gurup ɗin dangi, sunana yana nan, kowa yana ganin ina ciki. Idan aka haɗu a suna ko ɗaurin aure wani ya ce, "Ka ji abin da aka turo?" sai in ce, "Ai kuwa, Allah Ya kyauta," in sauya magana. Na ɗauka ƙaramar ƙarya ce wadda ba ta cutar da kowa.

A wannan tsakanin Sagiru ya samu aikin tuƙi a Kano, ya saya wa mahaifiyarsa wayar shafawa. Abu ɗaya ya koya mata kafin ya tafi: ta nemi hoton mutum, ta danne wuri ɗaya, ta yi magana, ta saki. Matar da ta yi shekara sittin tana jiran wani ya rubuta mata, sai ga shi ta samu bakinta. Kowa a dangi ya sha saƙonta, da na gaisuwa da na faɗa. Ni ma tana aiko min. Ba ɗaya da ya iso.

Ni kuma a nawa ɓangaren ina aika mata rubutu, "Yaya ina gaisuwa, ya damina," kusan kowane sati. Mai karanta mata ya tafi Kano, kuma tun abin da ya faru ranar ɓarar gyaɗa ba ta ƙara miƙa wa wani saƙona ya karanta ba. Ina ganin shiru sai na ce a raina, har yanzu Yaya tana riƙe da maganar gona. Ita ma tana ganin shiru sai ta ce Inuwa bai huce ba. Ita babba ce, ba za ta bi ƙaninta da kira ba. Ni kuma na ce bari aikin damina ya lafa in je da kaina. Wata biyu muka yi a haka, tsakanin Gwangwan da Unguwar Hajji, tafiyar da babur ba ya ƙona rabin tanki. Kira ɗaya ya isa ya warware komai, kuma kira shi ne abin da wayata ta fi iyawa. Ban kira ba.

Kina makarantar kwana lokacin. Abin da aka gaya miki shi ne Baba yana wurin aiki, labari bai same shi da wuri ba. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Ga sauran.

Zazzaɓi ta yi na kwana huɗu. An faɗa a gurup, dangi suna ta yi mata sannu, ni ban sani ba. Ranar Talata bayan sallar asuba Allah Ya karɓi abarSa. Sagiru, wanda ya iso tun daren jiyan, ya saka murya a gurup cewa jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Kowa ya ɗauka na ji, tunda ina ciki. Ni kuwa tun sassafe na bi dagaci bayan gari raba rigimar iyakar gona, waya tana aljihu, na kashe mata ƙara yadda na saba a gabansa. Da aka fito da gawar Yaya ba a gan ni ba, Sagiru ya kira ni sau uku. Ya gwada ƙaramar wayar Ummanki, tana rumfar mai caji a kashe. Aka jira ni har rana ta fara zafi, liman ya ce ba a ajiye gawa don mutum ɗaya. Ni kaɗai ne ɗan'uwanta na ciki ɗaya. Ni ya kamata in shiga kabari in karɓe ta.

Sai bayan azahar na ciro waya na ga kiran. Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba. Na isa na tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an dawo tun ɗazu. Aka matsa min wuri, ana yi min gaisuwa, amma na ga yadda dattawan unguwar ke kallona. Da yamma na je maƙabarta ni kaɗai, ƙasar ba ta bushe ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro goye a bayan Yaya.

Ranar sadakar uku Sagiru ya ja ni gefe, idonsa jawur. Ya ce, "Kawu, don Allah me Inna ta yi maka da zafi haka? Saƙo tara ta aiko maka, ko ɗaya ba ka buɗe ba." Na ce, "Wane saƙo?" Ya ciro wayarta ya nuna min hotona, da layin saƙonni a ƙarƙashinsa. A nan, a jikin katangar gidan da na girma, na gaya masa gaskiyar da na ɓoye wata da watanni. Sai ya sa min wayar a hannu ya ce, "Riƙe, Kawu. Da kai take magana a ciki."

Na tafi gonar tamu, wadda aka yi rigimar a kanta, na zauna a gindin ɗorawa na saurara. Na farko gaisuwa ce da dariya, tana cewa, "Inuwa, ka ji ni? Yau ni ma na zama 'yar boko." Na uku tana ba ni labarin tunkiyarta ta haifi biyu. Na shida ta ce ta yi dambun zogale ta ajiye min, ta ɗauka zan biyo ranar kasuwa, har ya lalace. Daga nan muryar ta fara sanyi. Na ƙarshe, kwana biyu kafin ta rasu, na haddace shi:

"Inuwa, ni ce. Ba ni da lafiya, amma da sauƙi. In maganar gonar nan ce, na karɓo ta, bana kai za ka ce a yi kaza. Ni ban riƙe ka ba, wallahi. Ko ba za ka zo ba, ka kira ni in ji muryarka. Ka gaida mai sunana, ka ce ta dage da karatu."

Shekara biyu ke nan ina riƙe da wannan gaisuwar taki ban isar ba, don isar da ita sai na faɗi sauran. Yau na isar. Ki yafe min jinkirin.

Ranar sadakar arba'in, bayan an shafa fatiha, na miƙe a gaban dangi na ɗaga wayar nan na ce, "Jama'a, wayata ba ta shiga gurup, ba ta karɓar saƙon murya, ba ta buɗe hoto. Mai nemana ya kira ni." Maganar ba ta kai minti ɗaya ba, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya raina ni. Abin da na yi ta gudu ke nan har ya ci min jana'izar Yaya. Shi ya sa nake roƙonki, a can inda za ki, duk abin da ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba. Malama ta nuna allura ba ki gane ba, ki ɗaga hannu. Abinci ya ƙare miki, ki faɗa. Ba ki da lafiya, ki faɗa. Wani ya takura miki, ki faɗa tun abin yana ƙarami. Aikin da za ki koya aiki ne da ran mutane, "na gane" ta ƙarya a ɗakin marasa lafiya ta fi tawa muni. Kuma idan wanda kike ƙauna ya yi shiru, kada ki zauna kina fassara shirun, ki kira shi.

Za ki ce to me ya sa har yau ban rabu da ita ba. Na gwada. Na yi sati ina fama da ta shafawa, yatsun nan nawa da fartanya ta busar, in taɓa nan ta buɗe can, in nufi dagaci ta kira min mai taki. Aikina rubutu ne, kuma a kan madannan nan hannuna ya san hanya. Na tsaya da abata, amma yanzu na san iyakarta, kowa ma ya sani. Duk Juma'a bayan an sauko ina zama a ƙofar gida in bi dangi da kira ɗaya bayan ɗaya, har Ummanki tana cewa na zama gidan rediyo. Ɗanlami kuma ya kwashe min saƙonnin nan tara ya zuba a memori ya sa min a ciki. Wayar da ta kasa kawo min muryar Yaya tana da rai, yanzu kullum na so sai ta kawo min.

To ga shawarar da na yanke. Ba zan ba ki tawa ba. A makaranta ta gurup za a riƙa sanar da ku lokacin darasi da jarrabawa, kuma na san ki, idan wayarki ba ta buɗe ba, ba za ki faɗa ba, za ki ce "ai kuwa" ki sauya magana kamar ubanki. Ki duba aljihun gefe na jakarki, akwai abu naɗe a cikin ɗankwali mai ruwan ƙasa. Ɗankwalin na Gwaggonki ne, wayar ma tata ce. Na nemi izinin Sagiru, ya ce ba wanda ya fi ki cancanta. Ɗanlami ya sauya mata batiri, ya sa miki layi, saƙonnin kuma suna ciki. Ki saurari na tara idan kin samu wurin da ba kowa.

Na yi magana da Ummanki yau bayan asuba. Ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Amma ka gaya mata ina da ido a Kano." Na gaya miki. Tsoronta kuma ba na banza ba ne. Wannan wayar tana da duk abin da tawa ba ta da shi, har da cin lokaci. Idan kin zauna karatu ki sa ta a jaka ki zuge. Kada ki fito da ita a bakin titi ko cikin adaidaita. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, masu ƙwace suka tare ki, ki miƙa musu ba gardama, muryar Gwaggonki tana nan a wurina, ke kuwa ba ni da wata.

Abu na ƙarshe, kuma ina faɗa miki shi a fili yadda ban faɗa wa mai sunanki ba: wayar babanki ba ta kawo murya. Idan kika danne kika yi magana kika saki, ba zai iso ni ba. Rubutu zai iso, amma ba shi nake so ba. Ki kira ni.

Ɗazu kafin in zauna rubutun nan na je zauren dagaci na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Gobe 'yata za ta Kano. Daga gobe wayata za ta riƙa ƙara a gabanka." Ya dube ni ya daɗe, domin ya san abin da ya faru ranar iyakar gona, yana tsaye kusa da ni lokacin da na ga kiran. Ya ce, "Ta yi ƙararta, Malam Inuwa. In ta kira ma ka ba ni mu gaisa."

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a karatunki, Ya jiƙan wadda kika ci sunanta, Ya haskaka kabarinta. Ummanki tana sa miki albarka, ni ma haka.

Idan kun sauka a tasha, kafin ki nemi abin hawa, kafin ki ko gyara hijabi, ki kira. Na kai wayata caji tun jiya, tana aljihun gaba, kuma na ƙure mata ƙara.

Wassalam.

Naki,
Babanki, Inuwa.